Ku kwance karen nan ku fita da shi

Bidiyon karen nan da ya yayyaga kujerar babur ya tone gindin katanga, wanda ake ta yawo da shi tun jiya, maganganun da ke ƙarƙashinsa sun fi ɓarnar ɓata min rai. Wani ya ce a ba shi guba, wani ya ce nama ne ya yi masa yawa. Haba jama'a! Ba wanda ya ga sarƙar da ke wuyansa? Ko mita 2 ba ta kai ba. Jaman Shefad ne fa, irin da aka samar a Jamus don ya wuni yana kewaya garken tumaki. An ɗaure shi dare da rana, sannan ana mamakin ya yi ɓarna.

Kare lafiyayye da ya gama girma yana bukatar motsa jiki kullum, daga minti 30 zuwa awa 2, gwargwadon irinsa. Shefad da Malinuwa da karnukan farautarmu masu dogayen ƙafafu, a ba su kusan awa 2, a raba safe da yamma, a haɗa da gudu ko jifan ƙwallo. Rotwaila da Bowabul, awa 1 ko fiye. Masu gajeren hanci irin su Buldog, minti 20 zuwa 30 a hankali, domin numfashi na yi musu wuya.

Kar wanda ya ce min gidansa na da fili. Kare ba ya zagaye tsakar gida shi kaɗai don ya motsa jini, inuwa zai samu ya kwanta. Mai cewa in ya saba da mutane ba zai yi gadi ba, shi ma ya bari. Karen da ya ruɓe a ɗaure tsoro da ƙunci ne ke cika shi, shi ne ke cizon yaron gida ranar da sarƙa ta tsinke. Ku fita da shi!

Wanda ya daɗe a ɗaure kuma ba a fara masa da gudu. Minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. A fita bayan Asuba ko bayan Magariba, musamman a bazara. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, in zafin jikinsa ya haura digiri 41 a ma'aunin Celsius rayuwarsa na cikin haɗari. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba za ka iya jure daƙiƙa 7 ba, za ta ƙona masa tafin ƙafa. In ka ga haki ya yi tsanani, yawu na dalala, dasashi ya yi jajur, yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa mai sanyi, a garzaya wurin likitan dabbobi. Kuma kar a sa shi gudu da cikakken ciki, a jira awa 1 zuwa 2, don manyan karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu na iya kumbura ya murɗe, kuma yana kisa cikin sa'o'i.

Ka shafa gefen ƙirjinsa. In sai ka danna kafin ka ji haƙarƙari, ƙiba ta kama shi, ciwon gaɓoɓi na tafe. Don Allah, wanda ba shi da awa guda a rana, ya haƙura da kiwon kare. Rai ne, amana ce.

Af, in za ku fita, da igiya a hannu, mai cizo a sa masa takunkumi. In an dawo a duba cikin kunne da tsakanin yatsu saboda kaska. Sannan nawa ne a cikinku suka yi wa karensu allurar rigakafin ciwon hauka a bana? A Vom ta Jihar Filato ake samar da ita, ku tambaya a asibitin dabbobi mafi kusa.