Iliya ma sai da ya yi barci

Jiya Lahadi bayan an tashi sujada wata mama ta zumuntar mata ta tare ni bakin ƙofa, ta riƙe mini hannu tana ta fara'a, wai "ɗana yaushe za mu ji shaidarka ne, Allah shi mayar maka da butik ninki biyu kamar na Ayuba." Na ce amin mama, a ci gaba da yi mana addu'a. Da zuciya ɗaya ta faɗa na sani, amma maganar ta biyo ni har gida ta hana ni cin tuwo, shi ya sa nike wannan dogon rubutu, wanda bai da lokaci shi wuce abinshi.

Waɗanda sunka san ni sun san shekara tara na yi ina riƙe da butik wajen Wadata nan Yamai, shinkafa da mai da makaroni da tumatir na gwangwani, kusan duk ta Kwatano kayan ke shigo mini. Bayan juyin mulkin da ya faru ran 26 ga Yuli 2023 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa ma Nijar takunkumi, anka rufe gadar Gaya da Malanville, Najeriya ta yanke kuran, wato wutar lantarki. Ba siyasa na zo yi ba, kowa na da ra'ayinshi, ni dai abin da ya same ni nike faɗi. Ko da anka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 iyakar Benin ba ta buɗe ba, kaya sai sun zagayo ta Lome su ratsa Burkina da rakiyar soja, mota ta yi makonni a hanya, kuɗin dako ya hau, manyan ƴan kasuwa na da ƙarfin jira amma irina da jarinshi rabi bashi ne rabi adashen maiɗaki ruwa ya ƙare ma ɗan kada. Na ja na ja har Afrilu, tsakiyar zafin nan da ke narka kwalta, na mayar ma mai shago makullinshi.

To amma ba rufewar ta fi ci mini rai ba, watannin da sunka gabace ta ne. Ba addu'ar dare da ta wuce ni, azumi na kwana uku na yi, na kwana bakwai na yi, safe da yamma ana turo mini murya a WhatsApp wai in ƙi yarda da faɗuwa, in tsawata ma ruhun talauci, in ƙara baiko. Ƙarfe uku na dare idona biyu ina lissafi a kai, in na ɗan runtsa sai in ji kamar na ci amanar Allah. Jiki magayi, ranar da jiri ya kayar da ni gaban kanta anka kai ni likita, tansiyo ta hau, malamin ya tambaye ni rabona da barcin kirki na rasa amsa.

Ga ra'ayina, kuma na san wasu ba za su so shi ba: mu masu bi a ƙasar nan mun iya raka mutum wurin yaƙi, ba mu iya zama da shi bayan an ci shi da yaƙi ba. Muna da waƙar nasara, muna da lokacin shaida, amma ba mu da tabarmar da mutum zai zauna ya ce abin nan ya ƙare, ya mutu, ku bar ni in huta. Da ka faɗi haka sai a fara yi maka kallon mai ƙarancin bangaskiya.

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19 ku karanta a hankali. Wannan Iliya fa shi ne wanda ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko, ruwan sama ya dawo bayan shekarun fari. Saƙo ɗaya Yezebel matar sarki ta aika mishi ya ranta a na kare, ya bar baranshi a Biyer-sheba ya nausa daji tafiyar yini guda, ya zube gindin wani ɗan icce ya ce ma Allah ya isa haka, ka ɗauki raina. Annabi ne fa ke roƙon mutuwa. Mi Allah ya yi mishi? Bai yi mishi wa'azi ba, bai ɗora mishi azumi ba, bai ce ina bangaskiyar taka ta jiya ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ga waina da tulun ruwa, ya ci ya sha ya sake kwantawa, anka sake tashe shi anka ce ƙara ci tafiyar ta fi ƙarfinka. Barci biyu, ci biyu, kafin Allah shi ce mishi uffan kan aikinshi. Maganar sai can Horeb bayan kwana arba'in, ita ma ba cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ta zo ba, ƴar murya ce siririya. Kuma abin da anka ce mishi har da je ka shafe Elisha shi gaje ka, wato aikin nan ba a kanka kaɗai yake ba malam, akwai mutum dubu bakwai da ba ka ma san da su ba. Da a majami'armu Iliya yake da mun sa shi jagorancin addu'ar dare a wannan makon.

Akwai kuma ranar da ba mu cika yin wa'azinta ba, Asabar ɗin da ke tsakanin Juma'ar gicciye da Lahadin tashi. Luka ya ce matan sun shirya kayan ƙanshi sannan sunka huta ran Asabar bisa ga doka. Malaminsu Yesu na kabari, duk abin da sunka sa rai ya rushe, sunka zauna gida. Mu mun san Lahadi na zuwa don mun karanta ƙarshen labarin, su ba su sani ba.

Bayan na rufe butik na tahi gida wajen Badagishiri na yi wata biyu wurin Baba. Na ɗauka zai yi mini faɗa, bai ce komi ba sai "ka ci abinci?" Kwana huɗu ina barci kamar wanda anka yi ma asiri. Ran na biyar ya miƙo mini hauya munka tahi wani fako da ya saya da arha, ƙasa tauri kamar siminti ko ciyawa ba ta fitowa. Tassa yake yi, irin ramukan nan da mutanen Illela sunka koyo daga Yatenga ta Burkina sunka farfaɗo da gonaki da yawa da su. Ka haƙa ɗan rami da rani, ka tara ƙasar ta gefen gangare, ka zuba taki cikin tafin hannu, ka tafi abinka. Gara ce ke zuwa cin takin ta huda ƙasar ta yi hanyoyi, in ruwan farko ya faɗi maimakon shi gudu sai shi tsaya shi shige. Na ce Baba yanzu sai mi, ya ce "yanzu sai ka bar ma gara nata aikin, in ka tsaya kana tonawa kullum ɓata mata kake." Ban taɓa jin bayanin miƙa wuya ga Allah da ya shige ni kamar wannan ba, kuma tsohon ba wa'azi yake ba, maganar gona yake.

Kar wani ya ce ina koya ma samari lalaci. Ramin nan da gumi ake haƙa shi cikin rana, hannuna har ya yi kanta. Bulus ma ya ce wanda ya ƙi aiki kar shi ci. Amma wanda ya ƙi aiki daban, wanda aiki ya karya daban, kuma mun daɗe muna ba na biyun maganin na farkon. Yesu da kanshi da ya ga almajiranshi ba su samun ko sukunin cin abinci cewa ya yi su zo waje ɗaya su ɗan huta, yana nan Markus 6.

Yanzu ina riƙe ma wani littafin lissafi a depo ɗinshi na siminti a Katako, albashin bai kai rabin abin da nike samu da ba, bashin ma saura kusan jikka ɗari huɗu ina biya kaɗan kaɗan. Ban sani ba ko zan sake buɗe butik, wani lokacin in na bi ta Wadata na ga wani ya sa telan ɗinki a wurin sai zuciyata ta ɗan yi zafi, sai ta wuce. Ina barci dai, ɗiyata ta daina tsoron shigowa ɗaki in ina ciki.

Lahadi mai zuwa in mama ta sake tambayata zan ce mata shaidar tawa ke nan, ina barci. Ban san ko za ta tafa ba. Baba kuma ya kira shekaranjiya, ya ce hatsin fakon nan ya kai damma bakwai.