Keken manya ga ɗan shekara uku, wai kuma mu tafa

Wallahi ni dai ba zan tafa ba. Duk wanda ya kalli hoton nan na taron rabon kekunan guragu da aka yi jiya ya kira shi aikin alheri to ban san da wane ido ya kalla ba. Yaron da bai wuce shekara uku ba, wuyansa ko tsayuwa ba ya yi, an sauko da shi daga bayan uwarsa an dasa shi a keken guragu na manya, ƙafafunsa na reto ko kusa da matakin ba su kai ba, ya zame gefe guda kai ya langaɓe, uwar ta zuro hannu ta baya tana tare shi kar ya faɗo kafin mai hoto ya gama. Ogan da ya raba kekunan yana gefe cikin babbar riga sai murmushi yake. An ɗauka an watsa, 'yan amshin shata sun cika mana Facebook da "Allah ya ƙara girma". To Allah ya ƙara. Amma wa ya auna yaron nan?

Tambayata ke nan kuma ba zan daina maimaita ta ba. Kafin a fitar da kuɗi, kafin a kira ɗan kwangila, wa ya taka ya je gidansu ya ga yaron, ya auna faɗin ƙugunsa da tsawon cinyarsa, ya duba ko yana iya zama shi kaɗai, ya zauna da uwar ya ce baiwar Allah me ke cinye miki kuɗi duk wata? Ko hula za ka sayo wa mutum a Kurmi sai ka tambayi lambar kansa, amma abin da yaro zai wuni a kai shi ne ake yo odarsa kwali-kwali duk girma ɗaya, da ɗan shekara uku da dattijon da ya yi hatsarin mota kowa ga naka.

Na san me za ku ce, tun jiya nake karantawa. "Ai da babu gara ba daɗi." A'a malam, a wannan fannin wani lokacin babun ta fi. Yaron da ya sha wuya wajen haihuwa, ko ciwon shawara ya taɓa masa ƙwaƙwalwa yana jariri, ko sanƙarau ya bar shi jikinsa na sandarewa, in ka ajiye shi a kujerar da ta fi ƙarfinsa kullum yana zamewa a karkace, a hankali ƙashin bayan ne zai lanƙwashe, ƙugu ya goce, gyambo ya fito inda ƙashi ke gugar leda, in ana ba shi koko a haka ma ya dinga ƙwarewa. Abin da yake buƙata kujera ce mai matokarin kai, mai tare haƙarƙari hagu da dama, da ɗamara, da katifar zama, da wurin ɗora ƙafa daidai tsayinsa, kuma wadda za a dinga buɗawa tunda yaro ba ya tsayawa yadda ka bar shi. Ba ni na ƙirƙiro ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar bayar da keken guragu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu, matakai 8 ne, na biyu duba mutum da auna shi, na uku zaɓa masa irin wanda ya dace, sai a na huɗu ake maganar kuɗi da oda, na ƙarshe bibiya da gyara. Mu kuwa daga na huɗu muke farawa mu ƙare a hoto.

"To ke me kika taɓa ba su?" Ban ba su komai ba, kuma kuɗin da aka sayo kekunan ma ba daga aljihun oga ya fito ba, don haka mu wuce wajen.

Abin da ya fi ci min rai ma ba keken ba ne, abin da ba a taɓa sa shi a lissafi ne saboda ba ya kyau a hoto. Ɗiyar yayata irin wannan larurar gare ta, ta isa shiga firamare amma har yau cikin pampas take kwana take tashi. Ka ce guda 5 a rana, a wata 150 ke nan, a shekara sama da 1,800, kuma tun da aka saki naira a 2023 kowa ya san inda kuɗin pampas ya nufa, ga shi yaro in ya girme wa lambar jarirai sai an koma neman manya masu tsada. Yaya ta koma yanka tsofaffin zannuwa tana ƙunzugu, ta shimfiɗa leda a katifa, igiyar shanyar gidan ba ta taɓa zama babu kaya ba, in damina ta zo kuma ba sa bushewa sai cinyoyin yarinyar su yi jawur su saɓule, a koma neman kuɗin man shafawa. Sabulu, omo, ruwan da ake saye jarka-jarka, kuɗin adaidaita zuwa asibiti gashin ƙashi da dawowa. Da wani ya taɓa zama ya tambaye ta, wallahi ba keke za ta fara ambata ba.

Haka abin yake ko'ina ka duba. Yaron da aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya, da yawansu sai an dinga zura musu robar fitsari duk bayan awa uku zuwa huɗu don kar ƙoda ta lalace, robar nan saye ake, da man da ake shafa mata. Yaron da ba ya ji, an ba shi na'urar kunne an yi hoto, madalla, batirinta fa? Ɗan ƙaramin batir ne kamar maɓalli da ba ya wuce sati ɗaya zuwa biyu, ba kuma kowane kemis ke da shi ba, sannan robar da ke shiga cikin kunnen sai an dinga sake ta don kunnen yaro girma yake, in ta yi masa kaɗan sai na'urar ta dinga fito. Ƙarshenta tana cikin kwano a saman sif. Yaron da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, bayan an gama ɗaurin filasta na sati-sati akwai takalmi mai ƙarfe a tsakani da zai sa kusan dare da rana na wata 3, daga nan kullum da dare har ya kai shekara 4 zuwa 5, ƙafa na girma ana canja takalmi, in aka bari ƙafar ta koma yadda take duk wahalar ta tashi a banza. Wane kasafi ne ya taɓa cewa ga kuɗin batir na shekara, ga kuɗin canjin takalmi? Wa ya lissafa? Wa ya tambaya?

Kuma fa ba doka ce babu ba. A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, a 2020 aka kafa musu hukuma ta ƙasa. Takarda kam muna da ita. A Ostareliya tsarinsu na tallafa wa nakasassu yana da wani sashe na kuɗi da aka ware don kayan da ke ƙarewa kawai, su pampas da robar fitsari, kuma ba a yanke wa yaro ko sisi sai an zauna da iyayensa an ga rahoton masu duba shi, bayan wani lokaci a sake zama a duba ko buƙatar ta canja. Kar wanda ya zo min da "ai su masu kuɗi ne". Ban ce a ba mu kuɗinsu ba. Tef ɗin awo nawa yake? Kuɗin rumfa da kujeru da mai kiɗa da banar da aka buga fuskar oga a taron jiya ya isa a ɗauki likitocin gashin ƙashi biyu su zagaya gidajen yaran nan kaf. Jami'ar Bayero na yaye su duk shekara, wasu na zaune ba aiki, asibitin ƙashi na Dala yana nan cikin gari da masu sanin kan abin. Mu da muka bi gida-gida lungu-lungu muna ɗiga wa yara maganin shan inna ana rubuta lamba da alli a bangon kowane gida har aka ce Najeriya ta rabu da cutar a 2020, yau ne za a ce ba a san yadda za a gano yara nawa ne a mazaɓa ɗaya ke buƙatar kujera, nawa ke buƙatar batir ba?

Ku iyaye mata da kuka je taron nan kuka wuni a rana da yara a goye, ban ga laifinku ba ko kaɗan, ko ni ce zan je in karɓa. In ma kun kai keken kasuwa kun sayar kun sayi pampas da madara, ni ba za ku ji bakina ba, ku kuka san abin da ke gidajenku tunda ba wanda ya ga damar tambayarku. Amma don Allah kar ku ɗaure yaro da zani a keken nan ku bar shi ya wuni, ku kai shi sashen gashi su gani tukuna.

Af, ku kuma masu adaidaita da in kun hango mace da yaro da keke sai ku ƙara wuta, wanda ya tsaya kuma ya ce sai an biya kuɗin mutum uku, na keke daban, kuna ina ne? Rannan wani har cewa ya yi taya za ta ɓata masa kujera, adaidaitar da ko madubin gefe babu, kujerar ma da igiya aka ɗaure ta.