Tabarau na VR: Tausayi Ko Hujja?

Jama'a, tun da tabarau na VR ya shigo, wanda idan ka ɗaura a fuska sai ka ga kamar kana tsaye a wurin da aka ɗauki hoton, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka rungume shi. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da gajeren fim daga sansanin 'yan gudun hijira na Za'atari a Jodan, inda wata yarinya 'yar Siriya mai shekara 12 take zagayawa da mai kallo cikin tantuna. Chris Milk, ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya shi, har cewa ya yi na'urar injin sa tausayi ce.

Ni kam ban gamsu ba. Kana zaune kan kujera, cikinka a ƙoshe, ka yi ƙwalla na 'yan mintuna, ka cire tabarau ka nemi shayi. Jiki magayi, ido ba ya ɗanɗana yunwa. Ku tuna 2017, lokacin da mai kamfanin Facebook, Mark Zuckerberg, ya tura zanen kansa yana shawagi a ambaliyar Puerto Rico bayan guguwar Maria, yana tallar na'urarsa. Da aka yi masa rubdugu, dole ya nemi afuwa.

Inda abin ya burge ni shi ne wajen kafa hujja. A zamanin mulkin Assad, gidan yarin Saydnaya na Siriya ba a barin ɗan jarida ya leƙa, fursunoni kuma cikin duhu aka tsare su, an hana su magana. A 2016 Amnesty International da Forensic Architecture, wata ƙungiyar masu bincike ta Landan, suka zauna da waɗanda suka tsira, suka sake gina kurkukun a kwamfuta daga abin da kunnuwansu suka riƙe: takun masu gadi, ƙarar ƙofofi, sautin duka ta bayan bango. A Jamus kuwa, 'yan sandan Bavaria sun gina Auschwitz, sansanin kisan kiyashi na 'yan Nazi, a VR, domin mai gabatar da ƙara ya hau hasumiyar gadi ya duba da kansa ko tsohon mai gadin da ke rantsuwar bai ga komai ba gaskiya yake faɗa. Wannan aiki ne da azzalumi zai ji tsoronsa.

Sai kuma batun izini, wanda ba a cika tattaunawa ba. Kyamarar fim ɗin VR kowane ɓangare take ɗauka, har da maƙwabcin da ke wanka a bayan tanti. Shi wa ya tambaye shi?