'Yan hukumar asibiti, ku zo da dare ku gani

Makon jiya na kwana jinyar gwaggona da muka kawo daga Dukku, a wani asibitin gwamnati a nan Gombe. Wajen ƙarfe biyu na dare aka ɗauke wuta, janareta babu mai, nas ɗaya tal tana bin gadaje da fitilar waya. Wallahi ban ga laifinta ba. Hankalina ya koma kan iyayenmu da ake naɗawa a hukumar gudanarwar asibitoci.

Ranku ya daɗe, ranar taronku an share farfajiya, an kunna na'urar sanyaya ɗaki, an miƙa muku rahoto mai kyan bango. Asibitin da talaka ya sani sai bayan isha'i yake bayyana. Ko sau ɗaya a wata, ɗayanku ya shigo ɗakin gaggawa da na haihuwa ba da sanarwa ba, ya zauna a benci tare da masu jinya.

Tafiyar da asibiti yau da kullum aikin shugaban likitoci ne. Naku shi ne tambaya, da tsayawa sai an amsa. Mata nawa suka rasu wajen haihuwa a watan nan, me binciken kowace mutuwa ya nuna, jini aka rasa ko likita? Asusun juya kuɗin magani fa? An kafa shi ne don a sayar da magani a sake sayo wani da kuɗin. Ranar da aka ranci kuɗin aka sayi dizal, daga nan kantin asibiti ya fara bushewa, sai a riƙa rubuta wa mutane takarda su tafi kemis da tsakar dare. Mai katin GoHealth, wato inshorar lafiya ta jihar Gombe, yana samun maganinsa kuwa? Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi duba mai buƙatar gaggawa kan kowane dalili. Wa yake bibiyar wannan?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwangila da ɗaukar aiki. Wanda ya roƙi shugaban asibiti ya ɗauki ɗansa, ko ya ba kamfaninsa aikin fenti, da wane baki zai tuhume shi gobe? Duk mai wata alaƙa da kwangila ya faɗa a rubuta, ya fita kafin a yanke.

Gwaggo dai an sallame ta, alhamdulillahi. Nas ɗin nan tana can, yau ma ita ke aikin dare.