Kafin a yi wa marubuta mata kuɗin goro, a nemo littafin Hafsat Abdulwaheed

Duk lokacin da aka kama wata tana sayar da labarin batsa a WhatsApp, sai a taso da tsohuwar magana: wai mata ne suka lalata adabin Hausa, kuma tun asali rubutunsu kwaikwayon finafinan Indiya ne da aka zubo kasuwar Kano. Akan sake kaɗa wannan ganga a Facebook da gidajen rediyo. Abin takaici, yawancin masu maganar ba su taɓa riƙe littafin Hafsat Abdulwaheed, So Aljannar Duniya, a hannu ba.

Hajiya Hafsat Abdulwaheed haifaffiyar Ƙofar Mata ce a birnin Kano, a 1952. Ta yi firamare a Shahuci, ta wuce makarantar 'yan mata da yanzu ake kira Shekara, aka yi mata aure a 1966 tana yarinya. Daga ɗakin auren ta shiga gasar da kamfanin buga littattafai na Arewa (NNPC) da ke Zariya ya shirya a ƙarshen shekarun 1970, ta zo ta biyu, tsakanin Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. An buga littafinta a 1980. A duba tazarar: gasar farko ta ƙagaggun labarai da Rupert East, Baturen jami'in ilimi, ya jagoranta a 1933 ta fito da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, duk na maza. Sai bayan shekara 47 mace ta samu shiga wannan fage.

Me ta rubuta? Labarin Boɗaɗo, budurwa Bafulatana, da ta kafe sai Yasir, wanda danginta ke gani bare ne. Ba daga Bombai ta ɗauko shi ba. Daga cikin gidansu ya fito, domin yayarta ta auri wani ɗan ƙasar Libiya, bambancin al'adu kuwa ya jawo matsala a wannan aure. Tambayar da littafin ya ajiye a gaban iyaye ita ce wadda har yau ake kai ruwa rana a kanta a zaure da kotu: idan addini bai hana ba, da wane dalili al'ada za ta hana yarinya wanda take so? Duk wanda ya kira wannan batsa, ko dai bai karanta ba, ko kuma tambayar ce ta yi masa zafi.

Masu cewa ai soyayya ba adabi ba ce, sai su faɗa mana dalilin da ya sa ba su kori Mallakin Zuciyata, wanda shi ma labarin soyayya ne amma na namiji, daga adabi ba.

Inda ya kamata a yi kuka shi ne abin da ya faru da sana'ar buga littattafai bayan 1980. Littafin Hafsat ya bi ta hannun alƙalan gasa, ya bi ta hannun edita, an daidaita ƙa'idojin rubutu, an duba ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kafin ya je injin. Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya daga ƙagaggun labarai. Marubuci ya koma shi ne edita, shi ne mai biyan maɗaba'a, shi ne mai kai kaya wajen dillalai. Don kuɗin bugu ya dawo da wuri sai a raba labari ɗaya kashi na ɗaya, na biyu, na uku, a kan takarda mai araha da ke yin ja cikin 'yan shekaru. A haka Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, kuma duk da wannan ƙunci aikinta ya kai ga an fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci a 2012. Yanzu ko maɗaba'ar ma an tsallake ta: a rubuta a waya da dare, a tura da safe, a karɓi kuɗi ta asusu. Matakin tacewar ne ya ɓace, kuma ba mata suka ɓatar da shi ba.

Amsar hukuma kullum guda ce, wuta da takunkumi. An ƙona littattafai a Kano a 2007, me ya gyaru? Ashana ba ta taɓa gyara jimla ko ɗaya ba, sai dai ta kori masu rubutun kirki, ta bar wa marasa kunya fili. Zalunci ne a haɗa matar da ta buɗe wa mata wannan ƙofa, wadda har ta nemi takarar gwamnan Zamfara a 2003, da 'yan kasuwar batsa a kwando ɗaya.

A sake buga So Aljannar Duniya da takarda mai kyau, a sa shi a hannun ɗaliban sakandare. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su horar da editoci, ƙungiyoyin marubuta kuma su nemo hanyar biyan su.