Digiri kam an raba, ina aikin fili?

Toh madalla da yawan daktoci da farfesoshin da wani labari da na karanta ya ce wani sashen jogirafi na jami'a ya yaye, amma ni wallahi ba adadi nake so in ji ba, aiki nake so in gani a ƙasa. Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin jogirafi da ya koyar a ABU Zariya sannan ya dawo Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), ƙauyukan Kano ya riƙa bi yana zama da manoma, yana duba yadda suke kai taki gona a kan jaki, suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba, har yau ana karanta binciken nan a duniya. Yanzu kuwa ɗalibi sai ya gama ko GPS, na'urar nuna wuri, bai taɓa riƙewa ba, taswira a allo kawai ake zana masa. Malam mai sharhi da ke cewa wai kwas ɗin jogirafi ba shi da amfani, haba dai, ka manta ambaliyar Maiduguri ta 2024 da madatsar Alau ta ɓalle? Taswirar inda ruwa zai bi aikin su waye? Abin da nake tambaya shi ne, gwamnatocin jihohi suna ma buɗe kundayen binciken daktocin nan kuwa kafin su raba filaye a bakin rafi?