Kamasho zalla ba albashi ba ne

Jiya da yamma wani yaro da muka taɓa aiki tare ya same ni da takardar ɗaukar aiki da wani kamfanin raba kayan masarufi ya ba shi. Zai ɗauki kaya ƙarfe bakwai na safe, ya dawo sito kafin magariba, Litinin zuwa Asabar. Hanyar da aka zana masa kaɗai zai bi, kuma ba shi da izinin taɓa kayan wani kamfani. Da na duba wajen biya sai na ga babu komai sai kamasho a kan abin da ya sayar. Man babur ma daga aljihunsa. Ya ce, "Yallaɓai, in karɓa?" Da abin na kwana a raina.

Na daɗe ina kula da masu fita da kaya, daga Kasuwar Singa har ƙauyukan hanyar Wudil da Gaya, kuma ni ba maƙiyin kamasho ba ne. La'ada tsohuwar al'adarmu ce. Dillali a kara ranar Juma'a a Wudil ba ya jiran albashin kowa, in an yi ciniki ya karɓi la'adarsa, in ba a yi ba ya kama gabansa. Amma ku lura da dillalin nan: shi ke da lokacinsa. Ya zo sanda ya ga dama, ya yi wa mutum goma aiki a rana ɗaya, babu mai kiransa a waya ya ce ina ka tsaya. Abin da kamfanoni da manyan diloli da yawa suke yi yanzu shi ne su ɗaure mutum irin ɗaurin ma'aikaci, sannan su biya shi irin biyan dillali. Sun ɗauki mai daɗin kowane ɓangare sun bar masa mai ɗacin.

Wannan bambanci malamanmu sun warware shi tun da daɗewa. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin, a babin ciniki. Akwai jinga, wadda ba a yanka mata lokaci, kuma ba a biya sai aiki ya kammala. Akwai kuma ijara, inda aka ɗauki mutum na wani lokaci sananne a kan lada sananne. Har misalin mai sayarwa aka kawo: wanda aka ɗauka ya sayar da kaya zuwa wani wa'adi, idan wa'adin ya cika bai sayar ba, ladansa ya wajaba cikakke. Dalili a fili yake, lokacinsa ka saya, kuma ya ba ka. To wanda ka ce ya zo bakwai ya tashi shida, a wane babi yake?

Dokar ƙasa ma ba ta rufa wa yaran nan asiri ba. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma dokar ta ware waɗanda ake biya da kamasho, ta kuma ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Yawancin diloli a cikin wannan rukuni suke. Saboda haka babu abin da ya rage wa mai fita da kaya sai tsoron Allahn ubangidansa.

Ga kuma tsadar hanya. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin kwanaki ta haura 500, daga baya ta taɓa dubu. Idan kiɗa ya canza rawa ma canzawa take, amma na san wuraren da kuɗin man da suke ba yaransu bai motsa ba tun kafin wannan rana. A farkon shekarar, lokacin ƙarancin takardun naira, masu shagunan ƙauye sun kasa biya, ciniki ya tsaya cak. Laifin wa? Ba na yaron ba. Amma shi ne ya koma gida hannu rabbana, alhali ya fita kullum.

Abin da masu kamfani ba sa ganewa shi ne, yunwar mai sayarwa a cikin kayansu take ci. Mutumin da ya san in bai sauke katan hamsin yau ba babu cefane, zai sauke su ko ta halin ƙaƙa. Zai tura wa mai shagon da bai sayar da na makon jiya ba. Zai ba da bashi ga wanda kowa a layin ya san ba ya biya. Zai karya farashi a ɓoye ya cike da kuɗin wani kwastoma, gobe ya cike na wancan da na wani, har ranar da ramin ya fi ƙarfinsa ya kashe waya. Sai a ce yaran yanzu ba su da amana. Na ga waɗanda suka ci amana da gangan, ba na musu. Amma na fi ganin waɗanda tsarin biya ya tura su bakin ramin.

Ni abin da na gani yana aiki ba shi da wuya. A ba mutum albashi tsayayye wanda zai riƙe gidansa ko da wata ya yi muni, kamfani ya ɗauki mai da katin waya da gyaran abin hawa, sannan kamasho ya hau kai. Kuma kamashon a lissafa shi a kan kuɗin da ya shigo, ba kayan da suka fita ba. Wannan kaɗai yana kashe rabin rigimar bashi, domin yaron da kansa zai fara tantance wanda zai ba kaya.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wato canza alkawari a tsakiyar tafiya. A wani wuri da na yi aiki, akwai yaron da ya buɗe mana hanya sabuwa fil, ya yi wata shida yana gaisawa da masu shaguna kafin su yarda da shi. Da kamashonsa ya fara yawa, sai aka kira taro aka ce ba zai yiwu yaro ya fi manaja samu ba. Aka rage kason, aka ɗaga masa taget, wato adadin kayan da dole ya sayar, aka raba hanyar biyu aka ba ɗan'uwan wani rabi. Na yi magana ba a ji ba. Bai yi wata biyu ba ya tafi, kuma masu shagunan suka bi shi, don shi suka sani ba sunan da ke jikin mota ba. Duk nairar da ya samu, kamfani ya samu ninkinta sau da yawa, amma hassada ta hana a ga haka. Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wasu sai an kai tsakiyar wata na gaba suna cewa akanta bai gama lissafi ba.

A wajen ɗauka kuwa, a daina auna mutum da Turancinsa alhali da mai shago a Kurna zai yi hulɗa. A fita da shi kasuwa yini ɗaya, a ga yadda yake gaisuwa, yadda yake yi in an ce masa a'a, da ko lissafinsa zai cika da yamma. Kuma taget ɗin wanda aka ba cikin birni bai kamata ya zama ɗaya da na wanda zai yi awa biyu a hanya kafin ya ga shagon farko ba.

Yaron da ya zo mini da takarda dai na ce masa ya koma ya nemi ɗaya cikin biyu a rubuce: ko su sa masa albashi da kuɗin mai, ko su cire sharaɗin lokaci su bar shi ya haɗa da kayan wasu. Ya ce yana tsoron kada su ba wani, domin akwai mutum takwas a layi ranar da ya je. Matarsa kuma ta kusa haihuwa.